Tarihin Grace Hopper, matar da ta sa kwamfuta yin fassara

A farkon zamanin kwamfuta, duk mai son na'urar ta yi masa aiki sai ya rubuta mata umarni da lambobin da take ganewa, kuma kuskure guda kan iya rusa aikin kwanaki. Grace Hopper na cikin waɗanda suka kawo ƙarshen wannan wahala.

An haife ta ne a birnin New York na Amurka ranar 9 ga watan Disamban 1906. Ta sami digirin digirgir a fannin lissafi daga Jami'ar Yale a 1934, ta kuma koyar a Kwalejin Vassar.

A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ta shiga rundunar sojan ruwa, aka tura ta Jami'ar Harvard inda ta yi aiki da na'urar Mark I.

A 1949 ta koma kamfanin da ya ƙera kwamfutar UNIVAC, kuma a can ne ta samar da manhajar A-0 a 1952. Mai rubuta umarni kan ambaci lambar aikin da yake so kawai, sai manhajar ta zaƙulo shi daga faifan ajiya, ta harhaɗa komai wuri guda kafin a kunna. Da farko mutane da dama sun ƙi amfani da ita, a ganinsu kwamfuta ba ta iya komai ba sai lissafi.

Ba ta karaya ba. Ta jagoranci ƙirƙiro harshen FLOW-MATIC mai amfani da kalmomin Ingilishi, wanda ya zama ginshiƙin COBOL a 1959.

Dabarar fassara umarni dukkansa tun kafin fara aiki tana nan da ranta. Harsuna irin su Python akasari tafinta ne ke bin umarninsu ɗaya bayan ɗaya yayin da suke aiki, abin da ke janyo nawa. Don haka masu neman sauri kan yi amfani da Cython, wanda ke juya rubutun zuwa harshen C tukuna.

Ita kanta ba ta wasa da lokaci. A wajen laccocinta takan raba guntayen waya masu tsawon kimanin santimita 30, wato nisan da haske ke ci cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa, domin masu rubuta manhaja su ga abin da suke ɓarnatarwa.

Ta yi ritaya a 1986 tana da shekara 79 da muƙamin Riya Admiral, ta rasu ranar 1 ga Janairun 1992, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington.