Likita Mila na Zariya da Makarantarsa

'Yan'uwa, mu da ke Yelwa da Ngaski da Shanga, Kambari da Gungawa da Shangawa, kowa da harshen gidansu, amma ran Lahadi da Hausa muke jin Maganar Allah. Ya kamata mu san mutumin da ya sha wahalar wannan aiki.

An haifi Walter Miller a Ingila a 1872. Ya karanta aikin likita a Landan, ya kuma tafi Tarabulus ya koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata. A 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Suka koma Girku. A 1905 Mila ya sami wuri cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta a gidansa.

Burinsa babba ne. Ya kai wa Gwamna Lugga shawarar a ba shi 'ya'yan sarakuna da malamai ya koya musu boko. Amma Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa ba za a taɓa addininsu ba, kowa kuma ya san Mila mai bishara ne. Iyaye suka ji tsoro kada yaro ya tafi neman ilimi ya dawo da wani addini. Gwamna Girouard ya ɗora aikin a kan Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909, inda malamai ke koyar da addinin Musulunci.

Mila bai karaya ba. Wajen 1913 sai Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da ke girmama Annabi Isa, suka kawo masa 'ya'yansu da kansu. Nan makaranta ta yi ƙarfi. A 1929 mishan ta tashi daga birni ta koma Wusasa. Daga wannan gida ne aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Malam John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, Mila ne kuwa jagoran fassarar. Ya rasu a Bukuru a 1952.

Ba mu ce ba shi da laifi ba. Mutum ne mai zafin rai, ya yi ta rigima da sarakuna da Turawan mulki. Amma rayuwarsa ta nuna mana abu guda: yaran da ya nema ba da yardar zuciyar iyayensu ba, bai same su ba, waɗanda iyaye suka kawo da hannunsu su ne suka ba da amfani.

Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗan makaranta darasin addinin da ba nasa ba. Saboda haka mu nemi malamin addinin Kirista domin 'ya'yanmu a makarantun bakin tafkin Kainji, cikin ladabi da naciya. Ɗan maƙwabcinmu Musulmi kuma, in ya zo makarantar ekklesiya, amana ce. Mu riƙe ta.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.