Alhaji Alhassan Ɗantata, Madugun da Ya Sake Hanya

A 'yan kwanakin nan ko'ina ka zauna sai ka ji ana zancen ƙirƙirarriyar basira, wai na'ura za ta raba mutane da sana'o'insu. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu tarihin wani attajiri wanda irin wannan sauyi ya tarar da shi tsakiyar fatauci.

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne daga cikin Agalawa. Tun yana yaro mahaifin ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta koma Ankara ta ƙasar Gana da zama, sai wata tsohuwa mai suna Tata ta riƙe shi. Daga nan ya sami sunan Ɗantata.

A zamanin nan fataucin goro a ƙasa ake yinsa. Ayari kan tashi da jakuna zuwa Gwanja, a yi wata da watanni ana sauka zango-zango, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito, goro kuwa kullum sai an yayyafa masa ruwa. Wannan ita ce hanyar da Alhassan ya gada. Amma da ya je Ankara ya ga jirgin ruwa, sai ya lura kayan da jaki ke kai wa cikin watanni, jirgi cikin 'yan kwanaki yake sauke su a Ikko. Bai tsaya yi wa jaki kara ba, ya shiga ɗora goronsa a jirgi. A ganina nan ne ya fi burge ni, domin ba ƙaramin abu ba ne ɗan madugu ya bar hanyar ubansa.

Sai kuma ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun sa rai auduga za su riƙa ɗauka, amma manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi. Audugar sai ta fi karɓuwa a nan wajenmu Funtuwa da Malumfashi, inda daga baya dogo ya ratsa ta Funtuwa har ya kai Kaura Namoda a 1929. Shi kuwa Alhassan ya zama mai saya wa Kamfanin Neja gyaɗa a 1918. Bature yana da jirgi da kuɗi, amma bai san ƙauye ba. Alhassan ya san mutane tun zamanin goro, saboda haka ya riƙa ba yaransa jari bisa amana, su shiga ƙauyuka su sayo. Buhunan da ke jiran jirgi su ne aka riƙa jerawa har suka zama dalar gyaɗa.

Ko banki bai ƙyamata ba. Da aka buɗe bankin Turawa a Kano a 1929, an ce kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ya kai ajiya.

Allah Ya yi masa rasuwa a Kano ran 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi a kan ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Kafin ya cika ya hori 'ya'yansa da su riƙe kasuwancin a haɗe, kada su rarraba. Dalar gyaɗa ta ɓace bayan 1970, amma gidan bai durƙushe ba. Alhaji Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.