Sardauna Ahmadu Bello da Kafuwar Talabijin a Arewa

An haifi Ahmadu Bello a Rabah a 1910. Tattaɓa-kunne ne ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance a Wurno. Ya yi fice a wasan fives a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934, sannan Firimiyan Arewa a 1954. Da Ibadan ta buɗe talabijin a 1959, Inugu a 1960, sai Arewa ta tashi neman bakin faɗar labarinta. Gwamnatinsa ta kafa Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, wanda ya yayata harshen Hausa da waƙoƙin makaɗa. An kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966.