David Livingstone: Manomin da Bai Ga Kaka Ba

Karatu: 1 Korantiyawa 3:6-9

Ƙaunatacce, ka taɓa yin hidima har ka gaji, ba ka ga amfaninta ba? To, dubi David Livingstone.

An haife shi a Sikotlan a 1813. Yana ɗan shekara 10 ya fara aiki a masaƙar auduga. Da ya zama likita, sai ya ƙetare teku, ya sauka kudancin Afirka a 1841 domin bishara. Zaki ya ragargaza masa hannun hagu, bai fasa ba. Ya keta kurmi da fadama da duwatsu har Luwanda a 1854, ya juyo gabas, ya kai ɗaya bakin tekun a 1856. Zazzaɓi ya sha kwantar da shi. Matarsa Mary ta rasu a gaɓar kogin Zambezi a 1862.

Duk da wannan wahala, mutum ɗaya tak aka sani ya tuba ta bakinsa, wato Sechele, sarkin Bakwena. A 1873, a ƙasar Zambiya ta yau, aka iske Livingstone durƙushe gefen gadonsa, rai ya yi halinsa. Amma Sechele ya ci gaba da koya wa jama'arsa Littafi Mai Tsarki, masu bishara kuma suka bi sawun Livingstone suna kafa ikkilisiyoyi.

Kada ka jefar da fartanya don ba ka ga zangarniya ba tukuna. Mai gonar bai manta da kai ba.

Addu'a: Ya Uba, ka cika ni da Ruhunka Mai Tsarki, kada in karaya a hanya. Cikin sunan Yesu, amin.