Malam Abdullahin Gwandu: Almajirin Da Gidansu Bai Sake Shi Ba

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a ƙasar Gobir a shekarar 1766. Mahaifinsa Muhammadu malami ne, shi ya sa ake masa laƙabi da Fodiyo, wato masani da Fulatanci. A gabansa Abdullahi ya fara riƙe allo, a hannunsa kuma ya sauke Alƙur'ani.

Da ya kai shekara 13, lokacin fita neman ilmi ya yi, mahaifin bai miƙa shi ga baƙon ido ba. Sai ya damƙa shi ga yayansa, Shehu Usmanu, wanda ya girme shi da shekara 12. A wurinsa ya karanci Ahalari da Ishmawi da Risala a fannin fiƙihu, da Ajurumiya a nahawu, da Ishiriniya, da tauhidi da tafsiri. Tare suka yi ta yawon karatu da wa'azi a Zamfara da Kabi. Ya sha baƙunta, amma bai san maraicin almajirci ba, domin duk inda ya sauka akwai nasa mai lura da cinsa da kwanansa da karatunsa. Ya saurari Sahihul Buhari a wurin ɗan'uwansu Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya kuma ɗauki karatu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Daga baya ya jera malamansa a littafinsa Ida'un Nusukhi, kuma da yawansu baffanni ne da kawunnai.

Wannan riƙo bai tafi a banza ba. Shi ne ya zama Wazirin Shehu, ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto a 1804. A 1807 ya sauka a Kano, inda ya karantar da tafsiri, ya rubuta Liya'ul Hukkami kan tafiyar da mulki bisa adalci. Da aka raba daular a 1812, shi aka ba yammacinta. Ya kuma wallafa tafsirinsa mai suna Liya'ut Ta'awili, wanda malaman zaure ke karantarwa har gobe. Ya rasu a Gwandu a 1829. Allah Ya jiƙansa da rahama.

'Yan'uwa 'yan asalin Matazu mazauna Katsina da Kano da Kaduna da Abuja, akwai abin lura a nan. Yaron da aka kai tsangaya da allo da ƙoƙon bara kawai, ba guzuri, ba ziyara, yunwa za ta cinye masa lokacin hadda. Abdullahi kuwa ya bar gida da saukarsa, ya kuma tafi a inuwar ɗan'uwa. Kowannenmu yana da ƙane ko ɗan ƙane a wata makaranta. Mu san malaminsa, mu ɗauki nauyin abincinsa, mu riƙa zuwa muna jin inda allonsa ya tsaya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.