Likita Ludwig Guttmann, Wanda Ya Tashi Masu Karayar Baya Daga Gado

A shekarar 1917 aka kawo wani matashi mai haƙar kwal asibitin ma'aikatan ma'adinai da ke garin Königshütte, a ƙasar Jamus ta wancan zamani. Ƙashin bayansa ya karye, lakarsa ta lalace, ƙafafunsa duka biyu sun shanye. Akwai wani saurayi ɗan shekara 18 da yake taimakon masu jinya a asibitin. Da ya ɗauki takarda zai rubuta bayanin majinyacin, aka ce masa kada ya wahalar da kansa, gama mutumin ba zai wuce 'yan makonni ba. Haka kuwa aka yi. Bayan mako 5 ya rasu, miki ya cinye masa jiki, mafitsararsa ta ruɓe. Sunan saurayin nan Ludwig Guttmann, bai kuwa manta da wannan mutum ba har ƙarshen ransa.

An haifi Guttmann ran 3 ga Yuli, 1899, a garin Tost, wanda yanzu yake cikin ƙasar Folan. Iyayensa Yahudawa ne. Ya fara koyon aikin likita a Breslau a 1918, ya sami digirinsa a Freiburg a 1924. Sa'an nan ya koma Breslau ya yi aiki a ƙarƙashin Farfesa Otfrid Foerster, babban masanin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A hannunsa ya koyi fiɗa, ya kuma koyi bin diddigin kowane ƙaramin abu a jikin majinyaci.

Da Hitila ya hau mulki a 1933, aka kori likitoci Yahudawa daga asibitocin gwamnati. Guttmann ya koma Asibitin Yahudawa na Breslau, ya zama shugabansa a 1937. A daren 9 ga Nuwamba, 1938, lokacin da aka ƙone majami'un Yahudawa, aka farfasa shagunansu a faɗin Jamus, ya ba da umarni a kwantar da duk namijin da ya zo ƙofar asibitin, ba tare da wata tambaya ba. Mutum 64 suka shigo. Kashegari 'yan sandan ciki suka iso. Guttmann ya bi da su gado gado, yana ba da dalilin kwanciyar kowane mutum. Ta haka ya kuɓutar da 60 daga cikinsu. A watan Maris na 1939 ya bar Jamus da matarsa Else da 'ya'yansu biyu, suka sauka a Oxford ta ƙasar Ingila. Waɗansu danginsa na kusa da suka rage a baya sun hallaka a sansanonin Nazi.

Shekara huɗu ya yi a Oxford yana binciken raunin jijiyoyi. A 1943 gwamnatin Birtaniya tana shirin kai farmaki Turai, ta kuma san za a dawo da sojoji da yawa masu karayar baya. Sai aka nemi Guttmann ya buɗe musu sashe na musamman a asibitin Stoke Mandeville, kusa da garin Aylesbury. Ya yarda, da sharaɗin a bar shi ya bi hanyarsa. Aka buɗe sashen ran 1 ga Fabrairu, 1944.

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake a lokacin. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, wajen 8 cikin 10 na sojojin Amurka da suka ji rauni a laka sun mutu cikin 'yan makonni. Akan kwantar da majinyaci cikin filasta, a yi ta ba shi maganin barci, a ajiye shi a ƙarshen ɗaki ana jiran ranarsa. Likitoci da yawa ba sa son aikin, don a ganinsu wahala ce marar amfani.

Guttmann ya lura abu biyu ne suke kashe mutanen nan: gyambon kwanciya da ciwon mafitsara. Wanda lakarsa ta lalace ba ya jin zafi a ƙasan wurin raunin. Idan ya daɗe kwance a gefe ɗaya, nauyin jikinsa yakan danne fata a kan ƙashi, jini ya daina gudu a wurin, naman ya mutu, ya zama miki mai zurfi. Haka kuma fitsari yakan taru a mafitsara, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, su hau zuwa ƙoda. Dukansu biyu kuwa ana iya hana su.

Saboda haka ya jefar da filasta, ya kwantar da majinyata a kan matasai masu laushi. Ya sa doka a juya kowane mutum bayan awa biyu biyu, dare da rana. Yakan shigo ɗakin da tsakar dare ba zato, domin ya ga ko an juya su. Game da fitsari, ya koyar da a sa roba mai tsabta a kan lokaci, a zubar, a cire ta. Da sabon maganin nan fenisilin ya samu, ya yi amfani da shi. Ma'aikata sun sha faɗansa, gama mutum ne mai tsanani, ba ya karɓar uzuri. Amma mikin ya fara warkewa, waɗanda aka fid da rai a kansu suka rayu. Majinyatan suka laƙaba masa sunan da yake nufin Baba.

Ceton rai rabin aikin ne a wurinsa. Ya ga samari da suka rayu amma sun yanke ƙauna, suna kwance suna kallon rufi. Sai ya tilasta musu motsa jiki, domin hannuwa da kafaɗu su yi ƙarfin ɗaukar sauran jiki. Ya buɗe musu wuraren koyon sassaƙa, da gyaran agogo, da buga tafireta. Burinsa shi ne kowane ɗayansu ya koma gida ya kama sana'a, ya riƙe iyali, har ya biya haraji kamar kowa. Ya riƙa bin masu masana'antu da hukumomi domin su ba su aiki da gidajen da keken guragu zai iya shiga. Ya sani in jama'a ba su karɓi mutum ba, duk wahalar asibiti ta tashi a banza.

Daga nan ne wasanni suka shigo. Da fari sun gwada folo a kan kekuna da sanduna, amma ya cika rauni, aka bar shi aka koma jefa ƙwallo a raga. Harbin kibiya ya fi dacewa, domin yana ƙarfafa ƙirji da kafaɗu, kuma mai keke yana iya karawa da mai ƙafafu daidai wa daida. Ran 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya a filin asibitin. Mutum 16 ne suka shiga, maza 14 da mata 2. A 1952 tsofaffin sojoji daga Holan suka zo, gasar ta zama ta ƙasa da ƙasa. A 1960 aka kai ta birnin Roma, inda 'yan wasa wajen 400 daga ƙasashe 23 suka hallara. Wannan ce ake lissafawa gasar Faralimfik ta farko.

Cikin waɗanda suka je Roma akwai Margaret Maughan, malamar makaranta da ta yi haɗarin mota a 1959 a ƙasar da ake kira Malawi yanzu. An yi jinyarta a Stoke Mandeville, a can ta koyi harbi. Shekara ɗaya bayan haɗarin ta ci wa Birtaniya lambar zinariya ta farko. Nijeriya ta fara shiga gasar a Barselona a 1992, ta dawo da zinariya 3.

A 1961 Guttmann ya kafa ƙungiyar likitocin duniya masu kula da raunin laka. Likitoci daga ƙasashe da yawa sun zo sun koya a wurinsa, suka koma suka buɗe irin sashensa a gida. Ya yi ritaya a 1966, a shekarar ce kuma Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir. Ya ci gaba da hidimar wasannin har ya rasu ran 18 ga Maris, 1980, yana da shekara 80.

'Yan'uwa masu karatu, yawancin abin da mutumin nan ya yi bai bukaci injuna masu tsada ba. Matashin kai ne, da tsabta, da hannuwan da za su juya majinyaci a kan lokaci, da mutanen da suka ƙi fid da rai. Haɗarin mota da na babur, da faɗowa daga itace ko gini, suna barin mutane kwance a unguwanninmu har yau. In akwai irin wannan a kusa da ku, ku taimaki iyalinsa karɓa-karɓa wajen juya shi, ku kai shi wurin likita da zarar fata ta canja launi ko zazzaɓi ya taso, ku gyara ƙofa domin kekensa ya wuce, ku nema masa sana'ar da zai yi a zaune. Da irin waɗannan ƙananan ayyuka Guttmann ya fara.