Philipp Melanchthon, malamin Jamus da ya ƙare rayuwarsa yana neman sasanta Kiristoci

Duk wanda ya shiga dandalin kasuwar Wittenberg, wani ɗan gari da ke bakin kogin Elbe a gabashin Jamus, zai tarar da mutum-mutumi biyu a gaban tsohon zauren majalisar gari. Ɗaya na Martin Luther ne, kuma a gabansa ne baƙi kan yi cincirindo domin ɗaukar hoto. Ɗayan kuwa, wanda aka kafa a 1865, na wani siririn mutum ne riƙe da naɗaɗɗiyar takarda, kuma ba kasafai ake tsayawa a wurinsa ba. Shi ne Philipp Melanchthon, abokin aikin Luther na tsawon shekaru 28, wanda ya rubuta takardar bangaskiyar da majami'un Lutheran ke riƙe da ita har yau, daga ƙasar Sweden zuwa Numan ta jihar Adamawa. Rayuwarsa ta ƙare ne a kan tambaya guda: a cikin abubuwan da Kiristoci suka saɓa a kansu, waɗanne ne tushe da ba a sassauci a kai, waɗanne ne kuma rassa da za a iya barin kowa da nasa?

An haife shi ran 16 ga watan Fabrairu na 1497 a garin Bretten da ke kudu maso yammacin Jamus. Mahaifinsa maƙerin sulke ne, ya kuma rasu yaron yana ɗan shekara 11. Sunan gidansu Schwartzerdt, wato baƙar ƙasa, kuma wani danginsa, shahararren masanin Ibrananci Johannes Reuchlin, shi ya juya masa sunan zuwa Girkanci kamar yadda masana ke yayi a zamanin. Ya shiga jami'ar Heidelberg yana shekara 12, ya sami digiri na biyu a Tübingen a 1514 tun bai cika 17 ba, sa'an nan a 1518 aka kira shi ya koyar da Girkanci a Wittenberg yana da shekara 21. Da ya iso mutane sun raina shi, saboda gajere ne, harshensa kuma yakan ɗan sarƙe. Laccarsa ta farko a kan gyaran tsarin karatu ita ta rufe bakin kowa, har da Luther, wanda ya girme shi da shekara 13. A 1521 ya wallafa Loci Communes, littafi na farko da ya tsara koyarwar masu neman gyara babi-babi, kuma saboda makarantu da jami'o'in da ya tsara daga baya ne aka yi masa laƙabi da malamin Jamus.

Ba a daɗe ba masu neman gyaran su ma suka rabu. A watan Oktoba na 1529, daidai lokacin da rundunar Sultan Sulaiman ta yi wa birnin Vienna ƙawanya, Yarima Philipp na Hesse ya tara malaman Wittenberg da na Suwizalan a fadarsa ta Marburg, da fatan su haɗa kai. An rubuta batutuwa 15, aka amince da 14. Na ƙarshen, wato ko jiki da jinin Almasihu suna nan zahiri a cikin gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji, a kansa ne Luther da Ulrich Zwingli na Zurich suka kasa daidaitawa, aka watse kowa ya kama gabansa. Abin lura shi ne a wannan zama Melanchthon ba ya cikin masu neman sulhu. Yana tsoron cewa ƙawance da mutanen Zwingli zai toshe hanyar sasantawa da Sarki Karl na 5 da ɗarikar Katolika, wadda a lokacin ita ce ta fi damunsa.

Damar ta zo a shekara mai zuwa. Sarkin, wanda ke bukatar kan daularsa ya haɗu saboda barazanar Turkawa, ya kira babban taro a Augsburg. Luther ba shi da ikon halarta, domin tun 1521 aka yanke masa hukuncin da ya halatta kama shi, sai ya zauna a ganuwar Coburg yana aika wasiƙu, nauyin rubutu ya faɗa kan Melanchthon. Ran 25 ga watan Yuni na 1530 aka karanta takardar da Jamusanci a gaban Sarki, karatun da ya ɗauki kimanin awa biyu. Tana da sassa 28: 21 na farko a kan koyarwa, inda marubucin ya yi ta ƙoƙarin nuna cewa mutanensa ba su kauce wa tsohuwar ikkilisiya ba, sauran 7 kuma a kan al'adun da suka gyara, irin su hana limamai aure da hana sauran jama'a shan ƙoƙon Jibi. Sashe na 7 shi ne zuciyar al'amarin. A ciki ya ce domin ikkilisiya ta zama ɗaya, ya wadatar a yarda a kan koyarwar Bishara da yadda ake ba da baftisma da Jibin Ubangiji, ba lalle ne bukukuwa da tsare-tsaren da 'yan Adam suka kafa su zama iri ɗaya a ko'ina ba. Masu karatu Musulmi ba za su ji wannan rabe-rabe baƙo ba, domin malamansu sun daɗe suna bambanta asali da furu'a.

A tattaunawar da ta biyo baya ya nuna a shirye yake a mayar wa bishop-bishop ikonsu, muddin za a bar limamai su yi aure, a ba jama'a ƙoƙo, a kuma bar wa'azin Bishara. Wasu daga cikin nasa suka fara raɗe-raɗin cewa ya sayar da su, ɓangaren Sarki kuma ya yi watsi da takardar. Bai daddara ba. A 1536 shi ya tsara yarjejeniyar Wittenberg da ta kusanto da biranen kudancin Jamus ga Luther. A 1537, da ya sa hannu a kan ƙa'idodin Schmalkalden da Luther ya rubuta, sai ya ƙara sharaɗi da hannunsa cewa saboda zaman lafiya zai iya amincewa da fifikon Paparoma a kan bishop-bishop a matsayin tsari na 'yan Adam, idan har Paparoman zai bar Bishara. A 1540 ya sassauta lafazin sashen Jibin Ubangiji yadda John Calvin ma ya iya amincewa da shi. A 1541 kuma, a Regensburg, shi da malaman Katolika suka cim ma matsaya a kan yadda mutum ke samun barata a gaban Allah, batun da ya haddasa rikicin tun farko, amma Luther da fadar Paparoma duka suka ƙi karɓa.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo bayan rasuwar Luther a watan Fabrairu na 1546. A watan Afrilu na 1547 sojojin Sarki suka murƙushe sarakunan Furotesta a Mühlberg, aka kama mai mulkin Saxony, aka miƙa Wittenberg ga ɗan'uwansa Moritz wanda ya mara wa Sarki baya. A 1548 Sarkin ya kafa dokar wucin gadi ta Augsburg, wadda ta maido da kusan dukan tsarin Katolika, in ban da auren limamai da ƙoƙon Jibi. A kudancin Jamus an kori ɗaruruwan limaman da suka ƙi bi. Melanchthon ya ƙi wannan doka, amma da Moritz ya nemi a samo wata mafita ta tsaka-tsaki ga Saxony, sai ya shiga aikin. Abin da ya fito a Leipzig a watan Disamba na 1548 ya riƙe koyarwar barata ta wurin bangaskiya, ya kuma yarda a maido da farar rigar limamai, da ranakun azumi, da wasu bukukuwa, da yawancin tsohon tsarin sujada. Hujjarsa ita ce waɗannan adiyafora ne, kalmar Girkanci da ke nufin abin da Littafi Mai Tsarki bai umarta ba bai kuma hana ba. A ganinsa gara limami ya sa farar riga ya ci gaba da wa'azi, da a kore shi a bar jama'a ba makiyayi, sojojin Sarki kuma su shigo ƙasar.

Wanda ya tsaya masa a gaba wani matashi ne da shi kansa ya taimaka wa, Matthias Flacius, malamin Ibrananci a Wittenberg, ɗan asalin yankin Istriya. Flacius ya bar aikinsa a 1549 ya koma Magdeburg, birnin da ya ƙi miƙa wuya, daga can aka yi ta ruwan ƙasidu. Bai musa cewa riga ba ta ceton kowa ba. Abin da ya ce shi ne idan mai takobi ne ya tilasta sa ta, to ta daina zama riga kawai, domin talakan da ke zaune a majami'a ba ya karanta takardun malamai, abin da idonsa ya gani shi zai gaya masa wanda ya yi nasara. Calvin ma ya rubuto daga Geneva a 1550 yana yi wa abokinsa faɗa. A nan dai da wuya mai adalci ya ba ɗayansu gaskiya duka. Melanchthon ya tsare jami'arsa da majami'un Saxony, Flacius kuma ya gano abin da sashe na 7 bai tanada ba, wato cewa ba a ɗakin karatu kaɗai ake shata iyakar tushe da reshe ba, wanda ke tilastawa da lokacin da ya tilasta suna iya matsar da ita. Siyasa ce ta raba gardamar a ƙarshe, domin Moritz ya juya wa Sarki baya a 1552, sulhun Augsburg na 1555 kuma ya ba kowane basarake ikon zaɓa wa ƙasarsa ɗarika. A 1556 Melanchthon ya amsa a wata wasiƙa ga Flacius cewa ya yi kuskure da ya shiga waccan shawara, amma abokan hamayyarsa suka nemi ya tuba a bainar jama'a, shi kuma ya ƙi.

Kada a ɗauka sassaucin nasa ya game kowa. Ya goyi bayan hukuncin kisa a kan 'yan Anabaftis masu ƙin yi wa jarirai baftisma, ya kuma yaba wa mahukuntan Geneva da suka ƙone Michael Servetus a 1553 saboda musun Triniti. Mutumin da zai iya haƙura da Paparoma a kan sharaɗi bai ga wurin haƙuri da waɗannan ba.

A 1557 aka yi zama na ƙarshe tsakanin ɓangarorin biyu a Worms, aka kuma watse ba tare da an taɓa muhimman batutuwa ba, saboda wakilan Lutheran sun kaure da rigima a tsakaninsu a gaban 'yan Katolika. Yana wannan tafiya ne labari ya iske shi cewa matarsa Katharina, wadda suka yi shekara 37 tare, ta rasu. Shi ma ya cika ran 19 ga watan Afrilu na 1560 yana da shekara 63. An sami wata 'yar takarda da ya jera dalilan da suka sa ba ya tsoron mutuwa, kuma a cikinsu har da cewa za ta raba shi da fushin malaman tauhidi. An binne shi a majami'ar fadar Wittenberg, daura da kabarin Luther.

A 1577 malaman Lutheran suka yanke hukunci a kan rigimar, suka ce a lokacin tsanantawa ba a sassauci ko da a kan al'ada, wato suka ba Flacius gaskiya. Amma kundin aƙidar da suka wallafa a 1580 ya ƙunshi rubuce-rubucen Melanchthon guda uku, har da takardar Augsburg a lafazinta na farko. Da ma'aunin sashenta na 7 ne majami'un Lutheran da na bin tafarkin Calvin a Turai suka amince a Leuenberg, kusa da Basel, a 1973, cewa za su ci Jibin Ubangiji tare, shekaru 444 bayan Marburg. Ran 31 ga watan Oktoba na 1999 kuma, a birnin Augsburg, wakilan fadar Paparoma da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa game da barata. Batun Jibin Ubangiji da na ikon Paparoma ba sa cikin abin da aka sa wa hannu a ranar.